Ruwan Da Ke Ɓoye Cikin Gungumen Turare

Laccar da aka gabatar a Kuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro, a gaban taron manoma da kafintoci da 'yan katako da masu gawayi.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fitar da itace daga ƙasa, ya zuba masa ruwa domin ya rayu, sa'an nan ya hore wa ɗan Adam iska da rana domin su janye ruwan nan idan lokacin aiki ya yi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe shugaban wannan zama. Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da suka bar aikin gida da na kasuwa suka zo, da sauran 'yan'uwa Musulmi da Kirista, Gbagyi da Hausawa da Fulani da duk wanda zaman Kuta ya haɗa mu da shi, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, Turawa kuma suke ce masa yukaliftus, musamman yadda ake shanya gumagumansa bayan an sare, da irin ayyukan da masana'antu ke yi da shi. Da yake na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni riƙe gatari da zarto da shekaru masu yawa, ina roƙon duk inda na yi tuntuɓe a gyara mini ba tare da jin nauyi ba.

Abin da ya fara jawo hankalina ga wannan mas'ala wani ƙyaure ne. Shekarun baya, wajen ƙarshen damina, na ba wani kafinta aikin ƙyauren ɗaki, ya kuwa yi shi da katakon turare ja wur, ya goge shi har yana ɗaukar ido, na biya ina murna. Amma tun hunturu bai kai tsakiya ba sai ga tsaga ta buɗe tsakanin allo da allo har ƙadangare na iya ratsawa, ƙasan ƙyauren ya murɗe ya rabu da dokin ƙofa, sakata ta daina shiga raminta, sa'an nan da damina ta kewayo ya kumbura ya ƙi rufuwa sai an sa kafaɗa. Ba zan ambaci kafintan ba, na daɗe da yafe masa, balle ma daga baya na fahimci shi ma haka aka sayar masa da katakon, wanda ya sayar masa kuma kwana goma ke nan da ya yanko shi daga ɗanyen gungume. A lokacin na zagi itacen kamar yadda kafintoci da yawa ke zaginsa har yau, suna cewa turare itacen banza ne, bai iya zama wuri ɗaya ba. Na yi shekaru kafin in gane cewa ruwan da aka bari a cikinsa shi ne ya yi mini wannan aika-aika, kuma a kan ruwan nan ne maganata za ta tsaya yau.

Asalin itacen nan daga Ostireliya yake, inda ake da iri fiye da 700 nasa. Wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna L'Héritier shi ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa da shi a 1789, irin kuma da ya fi yawa a ƙasarmu, mai jan katako, an ba shi sunansa na kamaldulensis a 1832 saboda wani lambu da ke kusa da birnin Nafuli na Italiya inda aka shuka shi. Daga nan ya bazu cikin duniya, kusan ko'ina kuma yunwar itace ce ta kira shi. Sarkin Habasha Menelik na Biyu, da ya ga itacen wuta ya ƙare a kewayen sabon birninsa Adis Ababa har ana tunanin tashi, sai ya sa aka shuka turare a wajejen 1895, mutanen ƙasar suka sa masa suna itacen ƙetaren teku, har gobe kuma shi ke dafa musu abinci, shi ke tokare musu gini. A Burazil wani malamin gona, Navarro de Andrade, ya fara shuka shi daga 1904 domin kamfanin jirgin ƙasa ya sami makamashi da katakon shimfiɗa dogo.

A nan Arewa an gwada shi a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna, an rufe filayen da haƙar kuza ta lalata a Jos da shi, an jera shi layi-layi a ƙasar Kano domin ya tare iska, sa'an nan tashar binciken itatuwa da aka buɗe a Samaru ta Zariya a 1964, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi ta gwada iri daban-daban, har aka tabbatar cewa ƙwayar da aka ɗebo daga wani wuri mai suna Petford a arewacin Ostireliya tana daga cikin waɗanda suka fi karɓar ƙasarmu. Ilmin shuka shi, ke nan, an daɗe da samunsa. Ilmin abin da za a yi da shi bayan ya faɗi ƙasa ne aka bari a baya.

Me ya sa wannan ya shafi mutumin Kuta, wanda doya ce ta yi masa suna? Kowa a nan ya ga abin da ya sami madobiya cikin 'yan shekaru, da aka yi ta lodinta ana kaiwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Kowa ya ga ƙirya da marke suna tafiya cikin buhunan gawayi, har gatari ya kai ga kaɗanya, wadda iyayenmu mata ke cin abinci da 'ya'yanta, alhali jihar Neja na cikin manyan masu fitar da man kaɗe a ƙasar nan. Waɗannan itatuwa, da maɗaci da kawo da maje, sai mutum ya shuka jikansa ya sare. Turare kuwa shekara 6 zuwa 8 ya isa sanda ko turke, idan aka sare shi kuma kututturen ya sake tofo, a sake sarewa sau biyu ko uku ba tare da sabon dashe ba. Ga kuma halin rashin tsaro da muke ciki, wanda ba sai na tsawaita ba, da ya sa shiga daji mai nisa ya zama kasada da rai, har itacen da mutum zai shuka a bayan gari ya fi masa wanda zai bi cikin ƙungurmi. Sai dai in yi gargaɗi guda kafin in wuce: turare mashayin ruwa ne, saiwarsa kuma tana cin nisa, saboda haka kada a kai shi fadama ko bakin rijiya ko gefen kunyar doya. Tudu mai tsakuwa da fako da gonar da ta gaji, nan ne muhallinsa.

To, mu koma ga gungumen. Ranar da aka kada turare, daga sulusi zuwa rabin nauyinsa ruwa ne, har mai motar da ya ɗauki ɗanyen itace tan 10 daga nan ya bi ta Gwada zuwa Minna, kusan tan 4 na ruwa ya ƙona wa mai. Ruwan nan kuwa kashi biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba ba zai fahimci komai cikin sha'anin shanya ba. Jikin itace ƙananan bututu ne jere da juna tsaye, kamar an ɗaure damin kara. Akwai ruwan da ke kwance cikin ramin bututun, akwai kuma wanda ya ratsa bangon bututun kansa ya kama shi, kamar yadda ruwa ke kama zaren tufa. Na cikin rami shi ke fara fita, kuma a yawancin itatuwa fitarsa ba ta sauya girman katako da komai. Sai ya ƙare, danshin ya sauko wajen kashi 30 cikin 100, sa'an nan na cikin bango ya fara fita, a nan ne kuma itace ke fara tsukewa. Lissafin da masana ke yi shi ne su gwada nauyin ruwan da nauyin itacen bayan an gasa shi ya bushe ƙarƙaf: guntun da ya auna kilo 16 yana ɗanye, ya koma kilo 10 bayan gashi, danshinsa kashi 60 ke nan.

Wani abin mamaki cikin halittar itace shi ne ko bayan ya mutu bai daina mu'amala da iska ba. Ɗabi'arsa irin ta gishiri ce, wanda ke jiƙewa cikin kwano da damina ba tare da an zuba masa ruwa ba, ya kuma bushe da rani ba tare da an shanya shi ba. Katakon da ke ɗaki a Kuta, cikin watan Agusta danshinsa kan kai kashi 15 ko fiye, cikin Janairu kuwa, sa'ad da leɓe ke fashewa, yakan sauka ƙasa da kashi 8. Saboda haka busasshen katako a wurin masu sana'a shi ne wanda danshinsa ya daidaita da na iskar wurin da zai zauna, kuma shi ya sa kujerar da aka ƙera a Ikko ko Sapele kan saki gaɓoɓinta idan ta yi hunturu guda a Arewa.

Illar da ke samun turare wajen bushewa ta fi ta sauran itatuwa, bisa dalilai da suka taru a kansa. Na farko, saurin girmansa na sa jikinsa ya kasance a ɗaure, waje na jan ciki, ciki na tura waje, har wani lokaci da faɗuwarsa ƙasa za ka ji ƙara, ka ga bakin gungumen ya tsage kamar tauraro tun rana ba ta taɓa shi ba. Sa'an nan bakin gungume, inda bututun nan suke a buɗe, yana fitar da ruwa da saurin da ya ninka na gefe sau 10 ko fiye, sai baki ya bushe ya nemi tsukewa alhali tsakiya na nan cike, ba abin da zai biyo baya sai tsaga ta bi tsawon itacen. Ga shi kuma tsukewar ba daidai take ta kowace fuska ba, domin ta kewayen zoben itace ta kusan ninka wadda ke tafiya daga zuciya zuwa ɓawo, shi ya sa allo mai faɗin inci 12 da aka yanko daga gefen gungume kan iya rasa kusan inci guda, ya kuma kantare ya zama kamar akushi. Akwai wata cuta kuma da turare ya yi suna da ita, wadda ke faruwa tun itacen na jiƙe sharkaf: idan zafi ya ja ruwan cikin rami da ƙarfi, bangon bututun ya kasa jurewa, sai ya lotsa kamar yadda kumatu ke lotsawa idan ana zuƙar kunu mai kauri ta tsinken kara, fuskar allon ta yi tudu da kwari kamar kwanon rufi. Mutanen Ostireliya sun daɗe da gano cewa idan aka turara irin wannan katako da tururin ruwan zafi na 'yan sa'o'i yakan miƙe ya dawo, amma wannan magani ne na mai tukunyar tururi, mu rigakafi ya fi mana sauƙi.

Duk waɗannan illoli, in kun lura, gaggawa ce uwarsu. Littattafan Turai na cewa katako mai kaurin inci guda shekara guda yake so, domin su iskarsu mai laima ce, damuwarsu yadda za su hanzarta bushewa. Mu Allah ya ba mu hunturu, wanda ke yi mana kyauta abin da waɗansu ke sayen injin da makamashi domin su samu, amma ƙarfinsa ya fi ƙarfin ɗanyen turare, aikinmu a makonnin farko shi ne mu sa masa linzami. Kuma a nan nake ganin mutanen Kuta sun fi kowa kusa da fahimta, gama ba manomin doya mai hankali da zai zube doyarsa a tsakar rana, ko ya tula ta a ƙasa mai laima. Inuwa yake nema mata, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya bar iska ta ratsa, ya riƙa zagayawa yana duba wadda ta fara ruɓa. Abin da kuka gada a kan doya shi ne kusan dukkan abin da turare ke nema.

Sai dai tun kafin a ɗaga gatari ya kamata mutum ya san wa zai sayar wa, domin abin da ya dace da itacen wuta ya saɓa da abin da ya dace da katako. Wanda ke nufin katako kada ya ce zai busar da gungume sukutum, gama babban gungume kan shekara cikinsa na ɗanye, wajensa kuwa ya gama tsagewa. Manyan gidajen yanka katako ma ruwa suke fesa wa gumagumansu domin kada su bushe kafin zarto ya kai gare su. Abin yi shi ne a shafe bakin gungumen nan take da kakin zuma ko kwalta ko fenti mai kauri, a bar masa ɓawonsa, a kai shi inuwa, a yanka shi cikin 'yan kwanaki, a kuma roƙi mai injin, in gungumen na da kauri, ya fara raba shi huɗu sa'an nan ya fitar da alluna daga zuciya zuwa ɓawo, domin irin wannan yanka ya fi zama lafiya ko da ya fi cin lokaci. Sa'an nan a kafa gado a kan bulo ko duwatsu, kamu guda daga ƙasa, a daidaita shi sarai, domin duk karkatar da ke gadon sai ta fito a allon. A jera alluna sahu-sahu, tsakanin kowane sahu da na samansa a gitta busassun 'yan sanduna masu kaurin inci guda ko ƙasa da haka kaɗan, kamu guda tsakaninsu, kowace tana bisa ta ƙarƙashinta daidai kamar an saki igiya. A ɗora duwatsu masu nauyi a kai, a yi rumfa, a kuma kafa zana ta arewa maso gabas inda iskar hunturu ke bugowa, a riƙa janye ta sannu a hankali bayan makonni sun shuɗe. A ra'ayina ƙarshen damina ya fi dacewa da fara wannan aiki, domin katakon ya sha makonninsa na hatsari cikin iska mai taushi, hunturu ya zo ya tarar da shi ya yi ƙwari ya ƙarasa shi. Allon inci guda kan nemi watanni uku zuwa huɗu, mai inci biyu kuwa ya ninka haka ko ya fi.

Turke da sanda da itacen wuta hukuncinsu dabam. Su a ɓare musu ɓawo tun suna ɗanye, lokacin da yake saɓulewa da sauƙi, domin ɓawo na riƙe ruwa, yana kuma ɓoye ƙwaron nan da ke huda farin gefen itace yana zubo gari. A gicciya su sahu bisa sahu a kan gado, a ɗaure bakin manyan turaku da waya ko a buga musu farantin ƙarfe mai haƙora domin tsaga ta tsaya. Akwai wata dabara mai sauƙi da ba a cika yi ba a nan, wato a kada itacen a bar masa rassansa da ganyensa mako biyu ko uku, ganyen ya ci gaba da zuƙe ruwan jikinsa har ya yanƙwane, sa'an nan a sassare. A share ciyawar kewaye saboda gobarar daji, a riƙa leƙa ƙarƙashin gado saboda gara, wadda ba ta neman izinin kowa.

Yanzu ga masu saye. Na fara da turken lantarki saboda muna zaune ne a inuwar madatsar Shiroro, wadda aka buɗe a 1990 a kan kogin Kaduna da ƙarfin megawat 600, wutarta na tafiya birane masu nisa alhali ƙauyuka da yawa na kusa da ita suna jiran a ja musu waya. Turken siminti ya yawaita a zamanin nan, amma a ƙasashe kamar Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu turaren da aka yi wa magani shi ke ɗauke da yawancin wayoyin karkara, domin ya fi arha, ya fi sauƙin ɗauka zuwa inda babbar mota ba ta shiga. Yadda ake yi shi ne a shigar da turakun cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe, a zuƙe iska, a tura magani da ƙarfin inji har ya ratsa farin gefen itacen, hanyar da wani Bature John Bethell ya fito da ita a Ingila a 1838 da man kwalta. Daga baya wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa maganin nan mai sa itace ya yi kore-kore a 1933. Sharaɗin aikin duka shi ne turken ya bushe ya sauka ƙasa da kashi 30, an fi so ma wajen 25, gama tulun da ke cike ba ya karɓar ƙari. Idan aka yi wa ɗanye magani, fatarsa kawai za ta sha, ya tsage daga baya, gara da ruɓa su shiga ta tsagar, turken da ya kamata ya yi shekaru 20 ko 30 ya faɗi cikin 'yan shekaru. Ina kuma jan kunnen iyayenmu mata da masu bandar kifi na Zumba da sauran bakin ruwa: tsohon turken da ya sha wannan magani akwai guba a hayaƙinsa da tokarsa, kada a kusantar da shi murhu ko da kyauta aka bayar.

Sai makamashi, wanda shi ne kasuwar da ke hannunmu yau, ta gidajen burodi da masu turara shinkafa da masu dafa man kaɗe da masu gawayi. Kilo guda na ɗanyen itace kusan rabin zafin da busasshe ke bayarwa yake bayarwa, saboda wuta sai ta fara ɓata ƙarfinta wajen tafasa ruwan ciki, hayaƙin da ke sa mai girki hawaye da tari kuma mafi yawansa daga nan yake. Mai gawayin da ke binne itace da ƙasa yakan ci kilo 6 zuwa 10 kafin ya sami kilo guda, ɗanye kuwa shi ke kai shi ƙarshen asara. A jihar Minas Gerais ta Burazil, inda ake narka tama da gawayin turare a manyan masana'antun ƙarfe, ƙa'ida ce a bar gumaguman a fili wata biyu zuwa uku ko fiye kafin a shigar da su tandun bulo, inda kilo 3 zuwa 4 na busasshen itace ke ba da kilo guda. In ƙasa mai masana'antar ƙarfe tana iya jiran wata uku, ban ga abin da zai hana mai buhu ashirin jira ba, in ban da bashi da ke wuyansa, wanda na san shi ne ainihin abin da ke sa da yawa gaggawa.

Masana'antar takarda ita ce ta fi kowa cin turare a duniya, ita ce kuma ba ta damu da a busar mata ba, ta fi son sabon sara da aka ɓare, tunda dafa shi za ta yi. Zarensa gajere ne, kimanin milimita guda, shi ya sa yake ba da takarda mai santsi da ta goge hannu mai taushi. A Kasiya ta ƙasar Fotugal aka fara fitar da farin ɓargon takarda daga turare ta hanyar zamani a 1957, yau kuma Burazil ce kan gaba wajen sayar da shi ga duniya. Mu ma mun taɓa kafa masana'antun takarda uku, ta Jebba a bakin iyakar jiharmu, wadda ta fara aiki a 1969, da ta Oku Iboku da ta Iwopin, duka suka durƙushe, muka koma sayen takardar littafin 'ya'yanmu daga waje. Daga ɓargon turare kuma ake yin wani zaren tufa mai sheƙi kamar siliki. Ana fere gungumen a yi falle-fallen filawud. A Afirka ta Kudu da shi aka daɗe ana tokare ramukan zinariya. Daga ganyensa kuma ake tatso man da kuke jin ƙamshinsa cikin man zafin da ake shafa wa yara a ƙirji. A nan gida, magina masu tokare dakin na siminti su kaɗai ne za a ba ɗanyar sanda ba a cuce su ba, tunda aikin 'yan makonni za ta yi.

Malamai na nan, su ne masu fatawa, ni dai tunatarwa zan yi. Ya zo cikin hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji laima, mai kayan ya ba da uzurin ruwan sama, aka nuna masa cewa wajibinsa ya ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mai saye zai gani, aka kuma yi kakkausan gargaɗi a kan algus. Ban san misalin da ya fi wannan dacewa da katakon da fuskarsa ta bushe cikinsa na ɗanye ba. Sayar da ɗanyen itace halal ne idan an ce ɗanye ne. Ɓoyewar ita ce aibi, kuma fikihunmu na Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Fikihun nan kuma ya buɗe wata ƙofa da za ta warware matsalar bashin da na ambata, wato cinikin salam, inda mai saye ke biya tun yanzu, a siffanta kaya da adadi da ajali, a kawo daga baya. Mai gidan burodi ko kafinta na iya biyan manomi da kaka, bisa sharaɗin itace mai kauri kaza, wanda ya yi wata kaza a rumfa, a karɓa da bazara. Manomi ya sami kuɗin jira, mai saye ya sami kayan da ba za su ba shi kunya ba. Da za a sami ƙungiyar da za ta kafa rumfar shanya guda kusa da kasuwa, a riƙa rubuta ranar sara da fenti a bakin kowane gungume, da gardama ta ragu ƙwarai.

Saura yadda mutum zai san itacensa ya kai. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake cakawa ta nuna danshi, wanda ya sami hali ya saya. Wanda bai samu ba, sikelin da ake auna hatsi ya ishe shi: ya zaɓi allo biyu ko uku daga tsakiyar jeri, ba daga gefe ba, ya auna su ranar da ya jera, ya rubuta nauyin a jikinsu da gawayi, ya mayar da su wurinsu, ya riƙa fitarwa yana aunawa kowace Juma'a. Da farko nauyin zai riƙa zubewa da yawa, sa'an nan ya rage gudu, ranar da ya auna mako uku a jere bai ga canji ba, katakon ya daidaita da iskar wannan lokaci. Na zo da guntaye biyu daga itace guda, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, ɗaya ya yi wata huɗu a rumfa an shafe bakinsa, ɗayan an yar da shi a rana da ɓawonsa; suna nan bakin ƙofa tare da sikeli, in an tashi kowa ya ɗaga su, ya duba bakinsu, ya ƙwanƙwasa ya ji bambancin amo. Ranka ya daɗe shugaba, na mayar da magana gare ka domin masu tambaya.